Kangon Asibiti da Gobara: A Wuyan Wa Alhaki Yake?

 

Maganar da zan yi a yau a kan asibitin da aka rufe ne, wanda majinyata suka tashi daga cikinsa, aka sa masa kwaɗo, aka bar shi da iska da ruwan sama. Duk inda irin wannan gini yake a duniya, labarinsa kusan iri ɗaya ne: a fara da fasa taga, a zo a kwance rufi, a ƙare da gobara a wani dare. Kashegari kuma sai hukuma ta fito ta la'anci ɓata-gari, 'yan sanda su ce suna bincike, a rufe magana. Ra'ayina shi ne wannan la'antar, ko da gaskiya ce, rabin gaskiya ce. Wanda ya ƙyasta ashana mai laifi ne, amma shekarun da suka mayar da asibiti makamashi, mai ginin ne ya samar da su, kuma mai ginin a yawancin lokaci gwamnati ce ko wanda gwamnati ta sayar wa. Zan kafa hujja da ƙasar Biritaniya, domin a can an rufe manyan asibitoci masu yawa a ɗan ƙanƙanin lokaci, aka kuma rubuta abin da ya biyo baya dalla-dalla.

A tsakiyar shekarun 1950, asibitocin masu taɓin hankali na Ingila da Wales suna ɗauke da mutum wajen 150,000. Manyan gine-gine ne, yawancinsu na ƙarni na 19, an gina su a bayan gari, kowanne da gonarsa da ɗakin ibadarsa da babban zauren taro da hasumiyar tankin ruwa, har wasu suna kama da ƙaramin gari. Da sababbin magunguna suka fito, tunanin likitoci ya sauya, sai ministan lafiya na lokacin, Enoch Powell, ya yi wani jawabi a 1961 inda ya bayyana cewa zamanin waɗannan gidaje ya wuce, za a rage gadajensu da rabi cikin shekara 15. Aikin ya ɗauki lokaci fiye da haka, amma daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 2000 an rufe mafi yawansu. An yi shekara talatin ana muhawara a kan inda majinyata za su koma, kuma muhawarar ta cancanta. Abin da ba a ba shi irin wannan kulawa ba shi ne makomar gine-ginen. Kowa ya ɗauka cewa da an fita za a samu mai saye, alhali ga gini mai ɗakuna ɗaruruwa a wurin da ba kasuwa, ga dokar adana kayan tarihi da ta hana rushe wasu sassansa.

Mu ɗauki asibitin Denbigh da ke arewacin Wales, domin labarinsa ya tattara komai. An buɗe shi a 1848 don mutum 200, kuma dalilin gina shi abin girmamawa ne: masu taɓin hankali da ba su jin wani harshe sai na Wales ana kai su asibitocin Ingila inda babu mai fahimtar kukansu, sai jama'ar yankin suka tashi suka nemi nasu. A shekarun 1950 majinyatansa sun kai 1,500. An rufe shi a 1995, aka sayar, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa hannun wani kamfani mai rajista a tsibiran Virgin na Biritaniya, can nesa da inda hukumar yankin za ta iya kama shi cikin sauƙi. An ba kamfanin izinin gina gidaje a harabar bisa sharaɗin ya gyara tsohon ginin, wa'adin izinin ya ƙare ba a yi gyaran ba. A watan Nuwamba na 2008 gobara ta cinye babban zauren. A 2011 majalisar gundumar Denbighshire ta ga ginin na shirin zubewa, ta kashe kimanin fam 900,000 na jama'a ta tallafe rufin ginin da ba nata ba. Daga nan ta shiga shari'ar ƙwace shi da ƙarfin doka, gwamnatin Wales ta amince a 2015, amma bai shiga hannun majalisar ba sai 2018, kuma a tsakanin nan wuta ta sake tashi a 2017 da 2018. Shekara 23 ke nan daga rufewa zuwa ranar da aka samu mai ginin da za a iya kira ya amsa.

Kada a ɗauka Denbigh rashin sa'a ce ta wuri ɗaya. Babban zauren asibitin West Park da ke Epsom ya ƙone a 2003, na Severalls da ke Colchester ya bi shi a 2005. Lennox Castle a Scotland, wanda aka rufe a 2002, ya ci wuta a 2008. A Cane Hill, kudu da Landan, an rushe yawancin asibitin an bar ginin ofisoshi don a adana shi, sai shi ma ya kama da wuta a Nuwamba 2010, hasumiyar agogonsa ta rufta. A birnin Cork na ƙasar Ireland, ginin St Kevin's da aka rufe a 2002 ya zauna shekara 15 a hannun hukumomin lafiya kafin gobara ta lashe shi a Yulin 2017. Idan abu ya faru sau ɗaya a ce tsautsayi. Idan ya faru a gari bayan gari, da tsari ɗaya, bayan adadin shekaru masu kama da juna, to akwai sanadin da ya wuce halin yaran unguwa.

Ga yadda sanadin yake aiki, kuma ina roƙon a saurari wannan ɓangare da kyau, domin a nan hujjata take. Ginin da aka yanke wa wutar lantarki da iskar gas ba ya kamawa da wuta don kansa, in ban da tsawa. Kusan kowace gobarar kango, hannun mutum ne, ko da gangan ko ta wanda ya hura wuta yana jin ɗumi. Saboda haka tambayar farko ita ce yadda mutum ya samu shiga. A shekarar farko akwai masu gadi, akwai fitila, babu mai kusantar wurin. Sai mai lissafin kuɗi ya duba ya ga ana biyan albashin gadin ginin da ba ya kawo ko sisi, a rage masu gadi daga shida zuwa biyu, daga biyu zuwa mota mai zagayawa sau ɗaya a dare. Masu fara zuwa ba yara ba ne, ɓarayin ƙarfe ne da suka san abin da suke nema: dalmar da aka lulluɓe kusurwoyin rufi da indararo da ita, bututun jan ƙarfe, wayoyin wuta. Da an ɗauke dalmar, ruwan sama ya samu hanya, katakon rufi da na daɓe su fara ruɓewa. Ƙofar da ɓarawo ya ɓalle ita ce ƙofar da matashi mai fenti zai bi, da mai neman wurin shaye-shaye, da marar gida mai neman inda zai kwana. A lokacin nan ƙararrawar gobara ta mutu, famfunan kashe wuta babu ruwa, ƙofofin da aka yi don su tare wuta an ɓaɓɓalle su, tagogi a buɗe iska na kaɗawa ta kowane gefe, dogayen barandu da sararin da ke tsakanin silin da rufi sun zama hanyar da wuta za ta bi daga wannan ɓangare zuwa wancan. Wurin kuma bayan gari ne, kafin wani ya hango hayaƙi wuta ta riga ta hau rufi. Kowane mataki a cikin waɗannan shawara ce da wani ya yanke a ofis, ko ya ƙi yankewa. Bahaushe ya riga ya faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san wani zai ce wannan magana tana wanke mai laifi, cewa idan aka ɗora alhaki a kan mai gini an ba ɓarawo da mai cinna wuta uzuri. Ban ba su uzuri ba, kuma doka ta hukunta su. Biritaniya ma ta tsananta a wannan ɓangare, dokar dillalan tsohon ƙarfe ta 2013 ta wajabta musu lasisi, ta wajabta tantance mai kawo kaya, ta hana biya da tsabar kuɗi, kuma wannan abu ne mai kyau. Amma alhaki ba tuwo ba ne da idan wannan ya ci rabo, na wancan zai ragu. Ku dubi abin da ya faru a Johannesburg ranar 31 ga Agusta 2023, lokacin da mutum 76 suka mutu a gobarar ginin Usindiso. Ginin na hukumar birni ne, ya taɓa zama mafakar mata da aka ci zarafinsu, da ƙaramin asibiti a ciki, sannan aka sake shi har ya koma hannun masu karɓar haya ba bisa ƙa'ida ba. Daga baya wani mutum ya amsa a gaban hukumar bincike cewa shi ya cinna wutar. Duk da wannan iƙirari, hukumar binciken, ƙarƙashin mai shari'a Sisi Khampepe, ta ɗora wa hukumar birnin alhaki, domin ta san halin da ginin yake ciki shekara da shekaru ba ta aiwatar da dokokinta ba. Wannan shi ne daidai. Ɓarawo ba ya cikin lissafin da za mu iya sarrafawa, kullum akwai shi, a kowace ƙasa. Abin da ke hannun hukuma shi ne ko zai tarar da ƙofa a rufe.

Suka ta biyu ta fi wannan ƙarfi, kuma ina ganin ta cancanci a amsa ta da natsuwa. Mai wannan suka yana cewa kuɗin lafiya ba ya isa ko ga masu rai, ta yaya za a ɗebi abin da za a sayi magani da shi a biya gadin ɗakunan da babu kowa? Duk wanda ya san halin asibitoci zai ji nauyin wannan tambaya. Amsata ita ce kuɗin da ake cewa an yi tsimi ba tsiminsa aka yi ba, bashi aka ci, kuma jama'a ne ke biya da riba. Fam 900,000 na Denbigh daga aljihun masu biyan haraji ya fito, ban da kuɗin lauyoyi na shekaru, ban da kuɗin motocin kwana-kwana da suka yi ta zuwa. Ginin da za a iya sayarwa da daraja a shekarar da aka rufe shi, bayan shekara goma sai a roƙi mai karɓa. Sannan akwai asarar da ba a ƙirga ta da fam. Tsofaffin asibitoci cike suke da asbestos, wanda muddin yana zaune a silin da jikin bututu ba ya cutarwa sosai, amma da wuta ta farfasa shi sai ƙurarsa ta bi iska zuwa gidajen maƙwabta, kuma shaƙarta na haddasa cutar daji bayan shekaru. Ɗan kwana-kwana da aka kira ba shi da tabbacin cewa babu kowa a ciki, dole ya shiga ginin da daɓensa ya ruɓe. A Worcester ta Amurka, a Disamban 1999, 'yan kwana-kwana shida sun mutu a wani kangon ma'ajiyar sanyi suna neman wasu marasa gida biyu da tuni suka fita. Wancan ba asibiti ba ne, amma hatsarin iri ɗaya ne, kuma kangon asibiti ya fi shi yawan lunguna.

Asibiti kuwa yana da abin da sauran kangaye ba su da shi, wato abin da aka bari a ciki. A birnin Goiânia na Brazil, wata cibiyar gashin cutar daji ta tashi zuwa sabon wuri a 1985, ta bar na'urarta mai ɗauke da sinadarin caesium-137 a tsohon gini, wanda ake shari'a a kansa. Ranar 13 ga Satumba 1987, a ranar da maigadi bai zo aiki ba, wasu mutum biyu masu neman tsohon ƙarfe suka shiga suka kwance kan na'urar, suka sayar wa mai sayen gwangwan. Garin da ke cikinta yana ƙyalli shuɗi a cikin duhu, sai mutane suka riƙa rarraba shi ga dangi da abokai a matsayin abin sha'awa. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu da yarinya 'yar shekara shida, aka samu 249 da gubar ta taɓa, aka gwada kimanin 112,000, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar unguwanni. Wa zai tsaya a gaban iyayen yarinyar nan ya ce laifin masu tsintar ƙarfe ne kawai? A Belfast kuma, asibitin Belvoir Park da aka rufe a 2006 an bar shi da takardun majinyata da hotunan gwajinsu, masu kutse suka shiga suka ɗauki hotunansu suka sa a intanet, har hukumar kare bayanai ta ci hukumar lafiyar birnin tarar fam 225,000 a 2012. Majinyaci ya ba likita sirrinsa ne a kan amana, kuma amanar ba ta ƙarewa ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo.

To, in haka ne, wani zai ce, a rushe mana a huta. A wasu wuraren na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ginin da ba shi da wani amfani a gaba, ba shi da darajar tarihi, rushe shi a shekarar farko ya fi barinsa, kuma rushewa ita ma shawara ce da mai hankali ke yankewa. Abin da nake ƙi shi ne a ƙi rushewa a kuma ƙi gyarawa, a zuba ido har wuta ta yanke hukuncin da hukuma ta ji tsoron yankewa. Akwai ma wani haɗari a nan da ya kamata masu yin doka su lura da shi. Idan doka ta hana mai fili rushe tsohon gini, amma ba ta tilasta masa kula da shi ba, to ta mayar da lalacewar ginin riba a gare shi, domin ranar da ginin ya zube fili ya zama nasa fes. Ba na zargin kowa da cinna wa kayansa wuta, amma dokar da ta sa sakaci ya fi kulawa riba, ita kanta tana buƙatar gyara. Inda kuma aka yi niyya, an ga abin da ake iya yi. Asibitin Friern da ke arewacin Landan an rufe shi a 1993, aka mayar da shi gidajen zama, yau mutane ke ciki. A Traverse City ta jihar Michigan, asibitin da aka rufe a 1989 ya kusa shan rusau, mutanen gari suka tsaya, aka miƙa shi ga mai gyara a farkon shekarun 2000, yanzu akwai shaguna da ofisoshi da gidaje a cikinsa. Ko St Kevin's na Cork, bayan gobarar an miƙa filin ga hukumar raya filaye ta ƙasa don gina gidaje fiye da 260. Abin da aka iya yi bayan wuta, an fi iya yinsa a 2002, lokacin da rufin yake lafiya.

Akwai kuma masu cewa waɗannan gidaje wuraren baƙin ciki ne, an tsare mutane a cikinsu shekaru ba da son ransu ba, don haka ƙonewarsu ba asara ba ce. Ina girmama wannan ji, musamman daga waɗanda abin ya shafa. Amma gobara ba ta tambayar tsofaffin majinyata abin da suke so, kuma tana tafiya da shaidar abin da aka yi musu, rajistar sunayensu da ɗakunan da aka kulle su. Idan al'umma ta ga ya dace a share wurin, ta zauna ta yanke haka da rana tsaka, ta kwashe takardu ta adana, ta killace maƙabartar da ke harabar.

Wannan magana ta taɓa mu, ko da yake ciwonmu ya ɗan bambanta. Su asibitocinsu sun yi aikin shekara ɗari kafin su zama kango, mu kuwa da yawa daga namu tun ba a kwantar da majinyaci ko ɗaya ba suke zama kango: an aza harsashi, an yi rufi, gwamnati ta sauya, ko an gama ginin babu ma'aikatan da za a tura. Kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ba gwamnatin tarayya rahoto a 2011 cewa akwai ayyukanta 11,886 da ba a kammala ba a faɗin Nijeriya. Akwai kuma tsohon gini da ake bari idan asibiti ya koma matsuguninsa na dindindin. Matakan lalacewar su ne waɗanda na zayyana, sai dai a nan kwanon rufi da tagogi da wayar wuta da janareto ake fara ɗauka. Idan abin ya yi yawa sai a huce a kan 'yan jari-bola, kamar yadda gwamnatin Borno ta haramta sana'ar tsintar ƙarfe a 2023, ita kam har da dalilin tsaro. Tsaftace wannan sana'a wajibi ne, amma ko an kama kowane mai tura baro a gari, ginin da babu mai shi zai samu wani mai kwance shi.

Don haka kirana ga kwamishinonin lafiya, da shugabannin hukumomin asibitoci, da 'yan majalisa shi ne kada a sa hannu a takardar rufe wani asibiti ko tashinsa sai an haɗa ta da wata takardar da ta faɗi abin da ginin zai zama, da ranar da zai zama hakan, da sunan jami'in da za a tambaya, da kuɗin gadi da gyaran rufi a cikin kasafi har zuwa ranar. Kafin a fita a kwashe takardun majinyata da magunguna da duk na'urar da ke ɗauke da sinadari mai haɗari, a kuma sanar da hukumar da ke kula da irin waɗannan na'urori. In ba a da abin yi da ginin nan kusa, a ba makaranta ko ƙungiyar unguwa aronsa a rubuce, domin ɗakin da ake sharewa kullum ba ya zama mafakar ɓarawo. In sayarwa za a yi, a sa sharaɗin cewa wanda bai fara aiki ba cikin wa'adi, gini ya dawo hannun gwamnati. Ku kuma masu unguwanni da dagatai da limamai da ke cikin wannan zaure, duk wanda yake da irin wannan gini a yankinsa, ya rubuta wa ƙaramar hukuma da ma'aikatar lafiya a wannan wata, ya ajiye kwafin takardar, ya kuma nemi a ba shi amsa a rubuce.